Honin silindar injin tsere: me ya sa awo ke canjawa idan bulok ya huce?

Ɗan Gareji

Assalamu alaikum, manyanmu. Ina da tambaya a kan honin, wato gogar cikin silinda da duwatsu bayan an yi bori (faɗaɗa ramin silinda da inji). Injin tsere ne mai silinda huɗu, bulok na ƙarfen zubi, faɗin silinda milimita 100, fistin na alminiyon. Masu fistin sun ce a bar ratar milimita 0.10 tsakanin fistin da bangon silinda. Ana gama honin aka sa geji, abin awon faɗin silinda, ya nuna ratar 0.10 cif. Washegari da safe aka sake awo, ratar ta koma 0.085 a sama da ƙasa, a tsakiya kuma 0.075, alhali babu wanda ya taɓa bulok ɗin. Gejin ne ke ƙarya, ko ƙarfen ne ya tsuke?

Na biyu, ina jin ana maganar honin da zafi, a zagaya ruwan zafi a cikin bulok yayin da ake gogar. Shi ne maganin wannan matsalar? Allah ya ƙara basira.

Mai Maikuromita

Wa alaikumus salam, Malam. Gejinka bai yi ƙarya ba, jiya ma gaskiya ya faɗa, yau ma gaskiya ya faɗa. Bulok ɗin ne ba ɗaya ba.

Ƙarfen zubi yana buɗewa da kimanin maikuron 11 a kowace mita ɗaya idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya na Salshiyos. Maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A silinda mai faɗin milimita 100, hakan na nufin maikuron 1.1 a kowane digiri. Ka rasa maikuron 15 a sama da ƙasa, to ka raba da 1.1, za ka ga bangon ya fi na safe zafi da digiri 13 zuwa 14 lokacin da aka auna shi. Wannan ba wani zafi ba ne da hannu zai ƙi taɓawa, ɗumi ne kawai, shi ya sa mutane ke raina shi.

Duk wani awon ƙarfe da ka gani a takardar masana'anta, a kan digiri 20 aka yi shi. Ƙa'idar duniya ce, ita ce ma ta farko a jerin ƙa'idojin ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya. Ratar 0.10 da masu fistin suka ba ka, ma'anarta fistin da bulok da abin awo duk suna kan digiri 20.

Akwai tarkon da ya fi wannan ɓuya. Alminiyon yana buɗewa ninki biyu na ƙarfen zubi, wajen maikuron 22 a mita a digiri. A ce shagon aiki yana kan digiri 35, komai ya kwana a ciki, babu wanda ya fi wani zafi. Silindar ta ƙaru da maikuron 16 da ɗoriya, fistin kuma ya ƙaru da 33. Ratar da za ka gani a ranar ta gaza ta ainihi da wajen maikuron 16. Idan ka ci gaba da goga har geji ya nuna 0.10 a wannan zafin, ainihin abin da ka bari ya kusa 0.116. Ga injin hawa na yau da kullum babu wanda zai kula. Ga injin tsere, fistin zai riƙa rausaya a sama, ringi ya rasa zaman da ya kamata. Maganinsa shi ne ka rubuta zafin ɗakin duk lokacin da ka yi awo, ka yi lissafin gyara, ko kuma a ware ɗaki mai sanyaya iska don awo kaɗai.

Yadda ya kamata a yi awon: bulok, fistin, maikuromita, gejin silinda da zoben saita geji su kwana wuri ɗaya, nesa da rana da bakin ƙofa. A riƙe maikuromita ta wurin robar da aka manna masa, don ɗumin tafin hannu kaɗai yana buɗe bakinsa da maikuron biyu ko uku idan an daɗe ana riƙe da shi. A auna fistin a daidai tsayin da masu shi suka nuna a jikin siket, wato ɓangaren ƙasa na fistin, a gicciye da ramin fil ɗin da ke haɗa shi da sandarsa, domin fistin ba zagaye ba ne kuma ba miƙaƙƙe ba ne. A silinda kuma a auna wuri huɗu daga sama zuwa ƙasa, kowane wuri ta fuska biyu, ta layin karanshaf da ta gicciyensa. Bayan kowace silinda a mayar da geji cikin zobe a ga ko yana nan kan sifili.

Kada kuma a yi awon ƙarshe bayan wanki da ruwan zafi da sabulu. A bar shi ya huce sarai tukuna.

Baba Mai Honin

Lissafin Malam daidai ne, amma ɗana, dubi tsakiyar nan da ta fi tsukewa, nan labarin yake. Silindarka ta fito da siffar kalangu, baki da gindi a buɗe, ƙugu a tsuke.

Abu biyu ke kawo haka, kuma ana rarrabe su da lokacin da suka bayyana. Idan duwatsu suna leƙowa waje fiye da kima a sama da ƙasa, bakunan za su buɗe, kuma za ka ga haka nan take, bulok na kan inji. Taka sai da aka kwana ta fito, saboda haka zafi ne da matsi. Sama tana da kaurin fuskar bulok tana riƙe da ita, ƙasa tana da naman da ke ɗauke da karanshaf. Tsakiya kuwa bango ne siriri, ba abin da ke bayansa sai hanyar ruwa wadda babu kowa a cikinta lokacin honin. Kuma duwatsu sun fi daɗewa a kanta, tunda suna bi ta wurin a hawa da sauka. Ita ce ke fara zafi, ta kumbura waje, ta guje wa dutse. Dutse ya ci kaɗan a wurin, geji ya ga daidai saboda a buɗe take. Da ta huce sai ta dawo ciki.

Zafin nan daga ina? Yawanci daga gaggawa. A bar wa honin nama da yawa bayan bori, sai a danna matsi don a gama da wuri. Ga tsarin da ba ya ba da kunya a bulok na ƙarfen zubi da duwatsun silikon kabaid. A tsayar da bori saura milimita 0.10 zuwa 0.12 a kai girman ƙarshe, domin honin ya samu abin da zai share duk karyayyen ƙarfen da bakin bori ya bari. A ci da dutse mai lamba 220 (lamba na hawa, dutse na ƙara laushi) har saura 0.03. A dakata nan, a tafi wani aiki, bulok ya koma zafin ɗaki. A dawo da 280 har saura 0.01 ko ƙasa da haka, da matsi mai sauƙi. A sake dakatawa a auna. Sannan 400 ya kai shi girma, a rufe da burushin honin, hawa da sauka kaɗan, don a sare kawunan tsinin da dutse ya bari, ramukan da ke riƙe mai su tsira. Lambar dutsen ƙarshe tana bin irin ringin da za a sa, masu ringi suna faɗin laushin da suke so, a bi nasu.

Kada a bi silinda a jere. A yi ta biyu, a tsallaka ta huɗu, a dawo ta ɗaya, sannan ta uku. Wanda ya gama ta ɗaya ya faɗa ta biyu yana goga bangon da maƙwabciya ta riga ta ɗumama ta gefe guda, sai ta fito kamar ƙwai. Abin ya fi tsanani a bulok ɗin da silindoji suke manne da juna, babu hanyar ruwa a tsakaninsu. Kuma kowane mataki a yi wa dukkan silindojin kafin a wuce na gaba, ba a gama ɗaya tas sannan a fara wata ba.

Sai man honin, wanda kowa ke mantawa da shi. Shi ne ke kwashe zafi da garin ƙarfe. Tankin da ya fara aiki da safe a digiri 22 yana iya haura 35 da yamma, kuma shi ke malala a kan bulok, don haka bulok zai bi zafinsa ko da dutse bai taɓa shi ba. Mai idan ya yi zafi yana tsinkewa. Garin ƙarfe ya toshe fuskar dutse, dutse ya daina yanka ya koma murza, murza ta ƙara zafi, ƙarfe ya naɗe a kan ramukan mai maimakon a yanke shi. Da ido za ka ga bango yana ƙyalli har ka yaba, amma ringi ba zai zauna da kyau a kansa ba, injin ya yi ta shan baƙin mai. A tsoma ma'aunin zafi a tanki. Manyan shaguna suna haɗa na'urar sanyaya mai da matata. Wanda ba shi da ita, ya yi matakin ƙarshe da sassafe, kuma ya saita bututu biyu su zuba mai ta ɓangarori biyu na silinda, ba ta gefe ɗaya ba.

Duwatsun daiman, wato lu'ulu'u, sun fi jimrewa, suna riƙe siffa, amma suna son matsi mai yawa kafin su ci, saboda haka sun fi tura siririn bango waje. A kula da wannan idan bulok ya sha bori har bangonsa ya ragu.

Ban ji ka ambaci farantin ɗauri ba, wanda ake ɗaurawa a saman bulok a madadin kan injin lokacin honin. An sa?

Ɗan Gareji

Na gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. An sa faranti na ƙarfe, an ɗaure shi da kusoshin da ke shagon, ba tare da gasket ba. Tof ɗin injin kuma, wato kansa da ke rufe silindoji, na alminiyon ne. Da farantin a ɗaure aka yi awon jiya da na yau.

Injiniya

Malam Ɗan Gareji, a gyara wannan kafin a je maganar ruwan zafi. Aikin faranti shi ne ya ja bulok yadda tof zai ja shi. Kusoshin tof idan aka ɗaure su suna murɗa saman silinda a kusa da kowane rami, kuma murɗawar tana iya wuce maikuron 25. Idan kusoshin ba su ne na injin ba, tsawon da suka shiga zare daban ne, inda suke ja daban ne. Dole a sa irin gasket ɗin da za a haɗa injin da shi, da ainihin kusoshin, da man da za a shafa wa zarensu, da awon ɗauri ɗaya, da jerin ɗauri ɗaya. Murafan men biyarin, masu riƙe karanshaf, su ma a ɗaure su. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a ɗaura tof na gaske, a juya bulok, a auna silinda ta ƙasa, a rubuta. A cire, a ɗaura faranti, a sake auna wuraren. Idan lambobin sun yi nesa da juna, farantin bai kwaikwayi tof ba.

Yanzu honin da zafi. Tunanin da ke bayansa shi ne, injin ba ya tsere a digiri 20. Bulok ba bututu ba ne mai kauri ɗaya, wani gefe nama ne jibge, wani gefe siriri. Idan ya kai zafin aiki ba ya buɗewa daidai ta kowace fuska, silindar da take zagaye a sanyi sai ta karkace. Don haka ake toshe ƙofofin ruwa, a sa faranti mai hanyar ruwa, a haɗa tanki mai hita da famfo, a zagaya ruwa a digiri 80 zuwa 95, gwargwadon inda injin zai yi aiki. A bar shi yana zagayawa har ma'aunin da ke jikin bulok a wurare daban-daban ya daina motsi, ba da zarar ruwa ya kai lamba ba. A nan ake matakan ƙarshe.

Ga inda ake faɗawa rami. Fistin 99.90, silinda ana son 100.00 a sanyi. Daga digiri 20 zuwa 90 bambancin 70 ne, sau maikuron 1.1, ya ba da 77. Wato a zafi silindar ta kamata ta nuna wajen 100.077 idan an saita geji da zobe mai sanyi. Wanda ya manta ya tsaya a 100.00, idan bulok ya huce zai tarar da 99.923, ratar fistin ta koma 0.023. Wannan injin ba zai gama zagaye ɗaya ba fistin zai kama. Kuma 77 ɗin lissafi ne na takarda. Abin da ya fi shi ne a auna kowace silinda a sanyi, a ɗumama, a sake auna, a san ainihin yadda wannan bulok ɗin yake buɗewa.

Geji kansa yana shan zafi da zarar ya shiga silinda, yana tsawo, sai ya nuna ramin ya fi ƙanƙanta. Ko dai a yi awo cikin daƙiƙu kaɗan a fitar da shi a duba sifili a zobe mai sanyi, ko a jiƙa zobe da kan geji a zafi ɗaya da bulok. A hanya ta biyu lissafin 77 ya kusa ɓacewa, domin ƙarfen zobe da ƙarfen zubi kusan tare suke buɗewa, bambancin bai wuce maikuron uku ko huɗu ba. A zaɓi hanya ɗaya a tsaya a kanta, haɗa su shi ne ke rikita mutane.

Man honin ma sai wanda zai jure. A digiri 90 mai na yau da kullum yana tsinkewa kamar ruwa yana hayaƙi. Idan kuma aka zuba mai sanyi a bango mai zafi, an sanyaya fuskar da ake son ta kasance da zafi, aikin ya tashi a banza. Safar hannu da abin kare ido wajibi ne, bututun ruwa mai digiri 90 idan ya ɓalle ba wasa ba ne.

Bayan an gama, bulok ya huce, geji zai nuna silindar ba zagaye ba ce. Haka ake so. Kada wani ya gani ya ce zai gyara.

Mai Sifana

Injiniya, ranka ya daɗe, bayani ya yi, amma ina da ja a kan amfaninsa ga mai tambaya.

Ruwan zafi yana ɗumama bulok bai ɗaya. Injin da ke aiki kuwa ba haka yake ba. Saman silinda, inda wuta ke tashi, ya fi ƙasa zafi nesa ba kusa ba, gefen bawul ɗin hayaƙi ya fi gefen shigar iska, ga matsin ƙonewa, ga fistin yana dannan bango ɗaya. Babu tankin da zai kwaikwayi wannan. Abin da honin da zafi ke kamawa wani yanki ne na karkacewar, kuma ribarsa 'yan maikuron ne. Mutumin da awonsa ke yawo da maikuron 25 tsakanin dare da safiya, me zai yi da ribar maikuron biyar? Gejin da ke karanta 0.01 ma ba zai gan ta ba, sai mai karanta 0.001 ko 0.002.

Ya kuma danganta da irin tseren. Motar da za ta yi sa'o'i tana zagaye fili da ruwa a zafi ɗaya, ita ce ke cin moriyarsa. Injin tseren miƙe na 'yan daƙiƙu, musamman mai shan metanol, sau da yawa yana barin layi bai kai wannan zafin ba. Wasu ma an cika hanyoyin ruwansu da siminti na musamman don bango ya yi ƙarfi, babu ta inda ruwa zai bi. Irin waɗannan sai a cika, a bar shi ya bushe sarai, sannan a yi bori da honin, domin cikawar tana motsa bango.

Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne bulok na alminiyon mai silif na ƙarfe, wato bututun da ake dasawa ya zama bangon silinda. Ana dasa silif da matsi, wato ya fi raminsa girma da maikuron 50 zuwa 80 ko makamancin haka. Bambancin buɗewar alminiyon da ƙarfen zubi wajen maikuron 11 zuwa 12 ne a mita a digiri. A faɗin milimita 100 da ƙarin digiri 70, ramin ya fi silif buɗewa da kusan maikuron 80. Ka ga riƙon da bulok ya yi wa silif a sanyi kusan duk ya saki a zafi, siffar silif ɗin ta canja. Kusoshin ƙarfe kuma a cikin alminiyon ƙara ɗaurewa suke yi idan an yi zafi, tunda abin da suka riƙe ya fi su buɗewa. A nan bambancin sanyi da zafi babba ne, wahalar ta cancanta.

Wani abu kuma game da ratar 0.10. Fistin ɗin tsere iri biyu aka fi sani. Alminiyon mai lamba 4032 yana da silikon wajen kashi 12 cikin ɗari, ba ya buɗewa sosai, ana ba shi rata kaɗan. Mai lamba 2618 kusan babu silikon, ya fi jure duka, ya fi buɗewa, yana son rata mai yawa. A tabbatar lambar da aka bi ta wannan fistin ce, kuma masu shi sun san za a sa turbo ko a'a.

Baba Mai Honin

Ɗana, naka da sauƙi, tunda ramin ƙanƙancewa ya yi, akwai naman da za a ci. Da buɗewa ya yi, sai neman wani fistin.

A kwance farantin, a sake ɗaura shi da gasket da ainihin kusoshi kamar yadda Injiniya ya ce, a bar komai ya kwana. Da safe a sake awo, don lambobin za su canja daga waɗanda ke hannunka. A fara da ƙugun kalangun: dutse 280, matsi kaɗan, gajeren hawa da sauka a tsakiya, daƙiƙa biyar zuwa goma, a tsaya, a koma wata silindar. Kada a nemi cinye maikuron goman a tashi ɗaya. Idan tsakiya ta zo daidai da bakuna, sai a koma cikakken tsawo, domin gajeren motsi yana kwantar da zanen gicciye, kuma ana son zanen ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa, wajen digiri 40 zuwa 45 tsakanin layukan, sai in masu ringi sun ce wani abu daban. A tsaya saura maikuron 5, a bar bulok awa biyu ko uku, a taɓa ma'aunin zafi a bango a ga ya yi daidai da zoben geji, sannan 400 da burushi.

Kada a goge bakin ringi, wato ratar da ke tsakanin ƙarshensa biyu, sai an gama duk wannan. Kowane maikuron 10 da aka ƙara wa faɗin silinda yana buɗe bakin ringi da maikuron 31, don haka cin da za a yi a sama kaɗai zai ƙara masa kusan 0.05. A auna bakin da farantin a ɗaure, a tura ringin da fistin a kife don ya zauna daidai, a daidai zurfin da masu ringi suka faɗa.